Ranar da Muka Kashe Mai Sayen Zinariya a Falonmu

Alhamis, 28 ga Disamba

Na yanke shawara. Ranar haihuwar mijina Nev, ashirin ga Janairu, zan tara mutane a gidan nan. Ba cin abinci kawai ba. In cin abinci ne kawai, zai gaisa da kowa ya koma ɗaki ya kunna talabijin. Wasa za a yi, irin wanda ake ba kowa takarda ya zama wani mutumin da, a ce an kashe wani, a yini ana tuhumar juna har a gano mai laifi. A wannan wasan ba mai iya yin shiru.

Tun da aka yi wa mijina aikin zuciya a watan Mayu likita ya ce ba shi ba hawa motar kwana-kwana. Fiye da shekara ashirin yana cikin 'yan sa kai masu kashe gobarar daji a garin nan. Ya mayar musu da hular kwano da 'yar ƙararrawar da suke maƙalawa a ƙugu, kuma daga ranar bai sake taka garejinsu ba. In za mu birnin Bendigo sai ya ce in bi ta bayan makaranta, don kada mu wuce ta gaban garejin. Dougie, abokinsa tun firamare, ya yi ta zuwa. Nev ya yi ta cewa in ce yana barci, har Dougie ya gaji.

Ban faɗa masa ba tukuna.

Asabar, 30 ga Disamba

Na duba irin waɗanda ake sayarwa a kwali. Duk gidajen attajiran Ingila ne, da barori da kofunan azurfa. Na yi ƙoƙarin hango Dougie a matsayin basarake, abin ya ƙi.

Ni zan rubuta namu. Zamanin haƙar zinariya, nan Corrin Flat, lokacin da kwarin bayan gari yake cike da tantuna. Ni da rabona da rubuta wani abu mai tsawo tun jarrabawar ƙarshe ta sakandare. A kantin kayan gona abin da nake rubutawa bai wuce buhu nawa, na wa. Ko zan iya? Ban sani ba. Zan fara dai.

Talata, 2 ga Janairu

Na faɗa masa muna shan shayi.

Ya ce, "Wa zai zo, Roz?"

Na ce kowa.

"Don tausayi."

Na ce a'a, don naman rago.

Ya daɗe yana juya cokali. Ya ce in yi abin da na ga dama, amma shi ba zai sa kayan wasa ba, shi ba ɗan tsana ba ne. Bai ce a'a ba. Na riƙe wannan.

Juma'a, 5 ga Janairu

Labarin ya tsaya da ƙafarsa. An tsinci gawar wani mai sayen zinariya, Mista Pell, a bayan otal, an fasa masa kai da ƙarfen sikelinsa. Yana tauye awo, saboda haka kowa na da dalili. Bron, shugabar 'yan kwana-kwana, ita ce mai otal. Dougie mahaƙi ne da aka cuta, kuma shi ne ya yi kisan. Nev na ba shi sajan ɗan sanda, da gangan: dole ya tsaya gaban kowa ya yi masa tambaya, ido cikin ido. Ni 'yar aikin kicin ce. Ba ni da magana ko ɗaya, sai kai faranti da kwashewa.

Da yamma sai ga maƙwabciyarmu Merle Quong ta leƙo ta kan shinge. Ta haura tamanin, amma ba abin da ke wuce kunnenta.

"Ke 'yar nan, za ki yi wasan zinariya a garin nan ba ɗan gidan Quong ko ɗaya? Kakanninmu sun baro ƙasar Sin suna haƙa a kwarin can tun naku ba su san hanyar jirgi ba."

Na ce ban zaci za ta so ba. Ta ce ita za ta zama mai kisan. Na ce an riga an bayar. Na ba ta mai sayar da kayan lambu. Ta ce to, ko ba ita ta kashe shi ba za ta yi kamar ita ce.

Lahadi, 7 ga Janairu

Na yaga abin da na rubuta jiya. Ko jaki zai gane Dougie ne tun kafin a zauna.

Laraba, 10 ga Janairu

Bron ta zo kanti sayen abincin kare. Ta karɓi ambulan ɗin takardar wasanta tana dariya, sannan ta daina dariyar.

"Roz, kin san wane wata muke ciki, ko? In ƙararrawa ta buga ba wanda zai tsaya cin kek."

Na ce na sani.

Ban sani ba. Wato na sani, kowa ya sani, amma ban haɗa su wuri guda a kaina ba. Na zaɓi ranar ne don ranarsa ce. Na zaɓi mutanen don su ne mutanensa. Sai da ta fita na ƙirga: ban da Merle, duk wanda na gayyata yana da ƙararrawa a ƙugu. Janairu kuma a ƙasar nan tsakiyar zafi ne, ciyawa ta bushe har tana ƙara. Ni da nake taƙama da tsari.

A ɗage zuwa Afrilu? In na ɗage, Nev zai ce shi ke nan, an huta. Ba zai sake yarda ba. Na san shi.

Ba na ɗagawa.

Asabar, 13 ga Janairu

Kantin gwanjon coci. Na samo doguwar hula, da gemun auduga na Dougie, da wani baƙin kwat mai maɓallan tagulla. Na rataye kwat ɗin a bayan ƙofar ɗaki ban ce komai ba. Shi ma bai ce ba.

Da rana na shiga ɗauko tawul, na ga zare da allura a kan gado. An matsar da maɓallan ciki. Ya rame sosai tun Mayu. Na fita kamar ban gani ba.

Talata, 16 ga Janairu

Lissafin abinci. Cinyar rago, dankali, burodi, salak, kek. Nasa daban, ba gishiri ba kitse. Yana tsaye a bakin kicin ina faɗa masa, sai ya ce, "Roz, ni ba ƙwai ba ne."

Na ce ba wanda ya ce shi ƙwai ne.

Ya ce zai je ya karɓo kujerun aro daga wurin Bron. Na ce ya bari, ni zan je, hanyata ce. Ba hanyata ba ce. Likita ya daɗe da cewa zai iya tuƙi, sabo ne kawai ya sa makullin motar ke zama a jakata.

Alhamis, 18 ga Janairu

An faɗi yanayin Asabar. Zafi mai tsanani, iska daga arewa, an hana kunna wuta a waje ko ta gashi. Saboda haka naman a tanda zan gasa gobe, a ci da sanyinsa.

Nev ya fita baranda ya tsaya yana kallon arewa, hannu a ƙugu, yadda ya saba yi duk zafi. Ya dawo ya ce in ɗage.

Na ce ba na ɗagawa.

"Za ki tara su ne su watse a gabana."

Na ce wataƙila ba abin da zai faru. Ya ce, "Wataƙila," ya shige ɗaki. Na koma wanke kofuna. Ko taurin kai nake yi? Ko don kaina nake yi, don kada wahalar rubutuna ta tafi a banza? Na juya abin ta kowane gefe. Har yanzu amsar ɗaya ce.

Juma'a, 19 ga Janairu

Na haɗa gawar Mista Pell da tsohon wandon Nev da jaridu, na kwantar da ita bayan doguwar kujera. Karenmu ya ja ƙafa ɗaya zuwa lambu. Na ɗinke.

Lahadi, 21 ga Janairu

Jiya ban iya rubuta komai ba. Bari in bi shi daki-daki, kada in manta.

Sun zo da tsakar rana. Abu na farko da na lura: ba wanda ya taɓa giya. Kowa lemo, kowa ruwa. Motocinsu duk sun juya hanci waje. Ba wanda ya ambaci iska, amma kowa na jin ta tana kaɗa kwanon rufi.

Nev ya fito cikin kwat. Ban roƙe shi ba. Sai Dougie, da gemunsa a karkace, ya ƙame ya sara masa.

"Ranka ya daɗe, Sajan. Ashe kana raye? Mun ɗauka kai ne gawar."

Sai na ji Nev ya ce, "Gyara gemunka, tsohon ɓarawo, ka yi kama da akuyar da aka yi wa aski rabi." Aka fashe da dariya. Na koma kicin na jingina da firji.

Wasan ya tafi, ba yadda na tsara ba amma ya tafi. Bron ta karanta sirrinta da ƙarfi tun a farko, wanda ya kamata ta ɓoye har ƙarshe. Merle ta yi ta amsa laifin da ba a tambaye ta ba, ta ce da kabeji ta kashe shi. Nev ya fara a hankali, yana karantawa daga takarda, murya ƙasa-ƙasa. Can sai na ga ya cusa takardar a aljihu. Ya zaunar da Dougie a kujera tsakiyar falo yana zagaya shi.

"Ina kake lokacin da aka kashe shi?"

"Ina coci, ranka ya daɗe."

"Kai? Ko ranar aurenka sai da aka jawo ka."

Rabon da in ji wannan muryar tun kafin asibiti. Ina tsaye da farantin dankali, ban ajiye ba.

Daidai nan ƙararrawar ta buga. Ba ɗaya ba, duka, daga kowane ƙugu.

Ba wanda ya yi sallama. Kujeru suka faɗi, huluna suka zube. Bron ta tattare doguwar rigarta har gwiwa tana gudu. Abin da ba zan manta ba, Nev ma ya ruga. Jikinsa ne ya tafi kafin kansa. Yana tsakiyarsu har bakin ƙofar shinge, hannunsa na laluben ƙugu inda babu komai. A nan ya tsaya. Suka wuce ta gefensa. Dougie ya dafa kafaɗarsa yana wucewa. Motoci suka tashi, ƙura ta lafa, ya rage shi kaɗai cikin baƙin kwat, da hayaƙi can arewa kamar an tsaya da ginshiƙi.

Abin da ya ce zai faru, shi ya faru. Ni na shirya masa shi da hannuna, har da maɓallan tagulla.

Ya dawo bai kalle ni ba, ya shige ɗaki ya rufe. Na zauna a falo tare da gawar jarida da abincin mutum goma sha. Ban yi kuka ba, amma saura kaɗan.

Merle ce ta buga sandarta a ƙasa.

"To me ake jira? 'Yar nan, kawo wuƙar burodi. Ko yau kika zo garin?"

Gaskiyarta. In mota ta fita, waɗanda suka rage su ke haɗa abinci a kai gareji. Haka uwata ta yi, haka ni ma na yi shekara da shekaru. Muka fara yanka. Ina shafa man shanu, ita tana jera nama, tana mita wai na yanka burodi da kauri kamar bulo.

Ban ji fitowar Nev ba. Sai dai na ga hannunsa ya cire tumatir daga burodi guda biyu.

"Dougie ba ya cin tumatir."

Ya ɗauki ɗaya wuƙar. Muka ci gaba da aiki mu uku. Da muka cika kuloli na ɗauki jakata na ce ya kwanta ya huta, ni da Merle za mu kai. Ya ɗora kulolin a bayan a-kori-kura, ya zagayo ta gefen direba, ya miƙo mini tafin hannu.

Na tsaya. Na fara cewa zafi ya yi yawa, ga hayaƙi, ga... Merle daga cikin mota ta ce, "Ku yanke shawara, ina narkewa."

Na ba shi makullin.

Bai bi ta bayan makaranta ba.

Garejin ba kowa, ƙofa a wangale, takalmansu na gida warwatse a ƙasa, gemun wani a kan benci. Ni da Merle muka shiga da kaya. Shi ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Na yi niyyar kiransa, na haɗiye. A kusurwa oba-oba na ta ƙara, muryar Bron tana neman gareji, tana sake nema.

Merle ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, "Wani ya amsa abin nan, yana sa mini ciwon kai."

Ya taka a hankali, ya zauna, ya ɗauka. Ya ce gareji yana saurare. Bron ta ce a sanar da garin gaba su turo motar ruwa ta hanyar gada, ya ce an gama, ya juya ya buga waya. Muryarsa ba ta rawa. Tawa da ta yi. Can anjima, da abin ya fara lafawa, sai ga wata murya ta kutso:

"Sajan? Kai ne? Na rantse maka ba ni na kashe shi ba."

Sai Bron: "Dougie, sauka daga kan layi!"

Nev ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na girgiza. Na zabura na nufe shi, na ɗauka zuciyar ce. Dariya yake.

Sun dawo rana ta yi ƙasa amma da sauran haske. Ciyawa ce ta ci, da shinge mai tsawo da rumbun harawa guda. Ba gida, ba rai. Suka zube a ƙasa baƙi ƙirin, suna ci da hannu biyu. Ni na ɗauka wasa ya mutu, har na fara tattara kuloli. Bron ce ta ce, baki cike, "To wa ya kashe mutumin nan? Ba zan iya barci ban sani ba."

Na ce ba zai yiwu ba, alamun suna gida, akwai tsarin da ake bi, ba a ma buɗe ambulan na uku ba. Ba wanda ya saurare ni. Takardun aljihunsu duk gumi ya mai da su kunu. Kowa ya shiga ƙirƙiro nasa. Merle ta canja makami daga kabeji zuwa kabewa. Na zauna a kan taya ina jin labarina yana tarwatsewa, kuma ban san lokacin da na fara dariya ba.

Nev ya miƙe, ya gyara kwat, ya ce bincike ya kammala. Ya zagaya su ɗaya bayan ɗaya, ya wuce Dougie, ya wuce Merle, ya tsaya a gabana.

"'Yar aikin kicin. Ba ta magana, amma ita kaɗai ta san inda kowa yake a kowane lokaci. Ta san abin da kowa ya ci, da abin da bai kamata ya ci ba. Makullan gidan duk suna jakarta. Na kama ki."

Gareji ya ɗauki tafi. Dougie ya tashi yana ihu, "Ni ne fa! Ni na kashe shi! An rubuta!" Bron ta ce ya zauna, ba wanda zai yarda yana da wayon kashe ko sauro. Aka kaɗa ƙuri'a, kowa ya ɗaga hannu a kaina, har Merle.

Nev yana murmushi lokacin da ya faɗa. Ya riƙe hannuna, wai ankwa, bai saki ba har muka isa mota. Amma na ji abin da ya ce.

Talata, 23 ga Janairu

Na mayar da kujeru. Na warware Mista Pell, jaridun sun tafi shara.

Nev ya ce Bron ta tambaye shi ko zai riƙe teburin oba-oba duk ranar da mota ta fita. Na ce sai an tambayi likita. Ya ce likita ya faɗa tun a watan Agusta, hawa motar kwana-kwana ne kawai aka hana shi.

Na ce yaushe, ban ji ba.

"Kina wurin, Roz. Kina rubuta sunayen magunguna."

Lahadi, 28 ga Janairu

Ya tafi gareji da safe, gwajin oba-oba na ranar Lahadi. Shi kaɗai. Na shayar da tumatir, na wanke labulen falo, da ma sun daɗe suna so. Gidan shiru, amma ba irin shirun da ba.

Wajen azahar ya bugo. Hayaniya a bayansa, muryar Dougie ta fi ta kowa. Ya ce za su wuce otal su ci abinci, kada in jira shi. Na ce to, a gaida su.

Sai da na ajiye wayar na lura ban tambaye shi me zai ci ba.

Mantuwa ce, ina jin. Zafin nan na sa mutum mantuwa. Wayar na nan kusa da ni, da na so da na sake bugawa.